Tawada ce ko Rubutu? Magana kan Taɓin Hankali da Ƙwaƙwalwa



Malamaina, iyayen ƙungiya, shugabanni, yayye da ƙanne maza da mata, ina gaishe ku baki ɗaya. Waɗanda suka sha hanya daga Damagaram da Tawa da Yamai, sannunku da zuwa, Allah ya maida kowa gida lafiya. Da ƴan tsara taro suka ce in yi magana, na ce musu ni fa ba likita ba ne, ba kuma malami ba, ɗalibin falsafa ne da bai ma ƙare karatu ba. Suka ce ai shi ya sa suka zaɓe ni. To ga ni. Inda na yi kuskure, manya su gyara mini.

Tambayar da na zo da ita guda ce. Shin taɓin hankali ciwon ƙwaƙwalwa ne kurum, kamar yadda ciwon sukari yake ciwon jiki, ko kuwa akwai wani abu a cikinsa wanda awon jini da hoton kai ba za su kama ba? Likitoci da masana falsafa na Turai da Amurka sun fi shekara 150 suna wannan gardama. Mu a gidanmu wata 7 muka yi muna yinta, kuma lafiyar wani ce ta biya kuɗin gardamar.

Ina da yaya, ɗan baffana ne, tare muka tashi. Ya ba ni izinin ba ku labarinsa, amma ba zan faɗi sunansa ba. Shi ya fara cin jarabawar bak a zuri'armu. Yana shekara ta biyu a jami'a mahaifinsa ya rasu, shagon da ke ciyar da gidan ya rufe, ya zama shi ne uba ga ƙanne biyar, alhali ko kuɗin abincinsa ba ya isarsa. Sai barci ya ƙaurace masa. Daga nan ya daina zuwa fada shan shayi, ya daina wanka, ya fara cewa maƙwabta suna jin abin da yake tunani, wai akwai masu yi masa magana ta cikin bango.

Da aka maido shi gida, sai baki ya rabu uku. Inna ta ce sammu ne, an ga yaron zai zama wani abu. Wani abokina da ke karatun likita ya ce babu wani sammu, sinadari ne ya rikice masa a ƙwaƙwalwa, a ba shi ƙwaya a huta. Kawu kuma ya ce duk ku bar wannan, baƙin ciki ne da talauci, duk wanda aka ɗora wa kayan da aka ɗora wa yaron nan sai ya zauce. Kowa ya kafe a kan tasa. Ana cikin haka aka ɗaure shi da igiya a turken zaure, don kada ya bi dare. Ni na riƙa kai masa fura a wurin. Har yau in na tuna, kunya nake ji.

Daga baya da na shiga karatu, sai na tarar da maganar abokina da ta kawu a cikin manyan littattafai, kowace da hujjojinta. Bari in kawo muku su bi da bi, cikin adalci.

Masu cewa ƙwaƙwalwa ce suna da tarihi mai ƙarfi a bayansu. Tun 1845 wani likita Bajamushe, Wilhelm Griesinger, ya tsaya a kan cewa cututtukan hankali cututtukan ƙwaƙwalwa ne. A zamaninsa gidajen mahaukata na Turai cike suke da wasu marasa lafiya da kan fara da girman kai, wani ya ce shi sarki ne, wani ya ce duk dukiyar ƙasa tasa ce, daga baya jiki ya shanye su mutu. An ɗora laifin a kan halinsu, an ɗora a kan yawan tunani. Sai a 1913 wani mai bincike ɗan Japan, Hideyo Noguchi, da ke aiki a birnin New York, ya gano ƙwayar cutar tunjere a cikin ƙwaƙwalwar waɗanda suka mutu da wannan ciwo. Da maganin fenisilin ya samu a shekarun 1940, ciwon ya kusan ɓacewa daga asibitoci. Ashe hauka ce da allura ke warkarwa.

Mu ma mun san irin wannan. Yaro ya kamu da masassarar cizon sauro mai tsanani, ta hau masa kai, ya yi ta sambatu yana fizge-fizge, a kai shi gidan likita a yi masa ƙarin ruwa da magani, kwana kaɗan ya dawo hayyacinsa. Ga farfaɗiya, wadda har gobe wasu ke gudun mai ita, alhali na'urar awon wutar ƙwaƙwalwa tana nuna yadda abin yake tashi. Ga kuma samarin da Tramol ya juya wa kai, muna ganinsu a tasha. Duk wanda ya ga waɗannan ba zai ce jiki ba ruwansa da hankali ba.

A 1952 kuma, a asibitin Sainte-Anne na birnin Paris, likitoci biyu, Jean Delay da Pierre Deniker, suka gwada wani magani da aka fi sani da Largactil a kan masu jin muryoyi da ruɗewar tunani. Mutanen da suka shekara a kulle suka natsu, wasu har suka koma gida. Daga nan fata ta yi ƙarfi cewa saura ƙiris a gano sinadarin kowace cuta, a huta da dogon zance.

To, an gano? Nan ne labarin ya ɗan karkace. Yau shekara sama da 70 ke nan, amma babu awon jini ko hoton ƙwaƙwalwa da likita zai duba ya ce wannan yana da ciwon damuwa, ko wannan yana da ciwon nan na jin muryoyi da Turawa ke kira sikizofireniya. Har yanzu da tambaya da saurare da lura ake gane su. An bi ta gado aka bincika. Wani babban bincike na 2014 ya sami wurare 108 a cikin ƙwayoyin gado da ke da alaƙa da sikizofireniya, amma kowane ɗaya tasirinsa ɗan kaɗan ne, kuma miliyoyin masu lafiya suna ɗauke da su. Ku ɗauki tagwaye masu kama ɗaya, Hasan da Husaini, waɗanda gadonsu iri guda ne. In ciwon ya kama Hasan, ba dole ya kama Husaini ba. Abin da aka gani shi ne kamar rabi, ko ma ƙasa da haka. Gado yana da hannu, babu musu. Amma ragowar rabin fa, daga ina?

Thomas Insel, wanda ya shugabanci babbar cibiyar binciken lafiyar hankali ta Amurka shekara 13, yana cikin waɗanda suka fi yarda cewa amsar tana ƙwaƙwalwa. Bayan ya sauka, a 2017, da bakinsa ya amsa cewa an kashe wajen dala biliyan 20 a zamaninsa, an yi rubuce-rubuce masu kyau, amma hakan bai rage yawan masu kashe kansu ko masu kwanciya asibiti ba. A 2022 kuma wata likita a Landan, Joanna Moncrieff, da abokan aikinta suka tattara binciken da aka yi kan maganar nan da ta yaɗu, wai ƙarancin sinadarin serotonin ne ke kawo ciwon damuwa, suka ce ba su ga tabbatacciyar hujja ba. Wasu masana sun yi musu raddi, gardamar tana nan. Amma ku kula da kyau, kada wani ya fita daga nan ya ce na ce a zubar da magani. Farasitamol yana sauke ciwon kai, kuma ba ƙarancin farasitamol ne ya kawo ciwon kan ba. Magani kan yi aiki ko da ba a gama sanin asalin cutar ba.

Yanzu ga ɓangaren kawu. A 1978 wasu masu bincike biyu, George Brown da Tirril Harris, suka fitar da sakamakon aikin da suka yi tsakanin matan wata unguwa ta Landan mai suna Camberwell. Sun ga cewa mafi yawan waɗanda ciwon damuwa ya kama, wani babban abu ne ya faɗa musu kafin nan, kamar rashi ko rabuwa. Kuma abin ya fi kama wadda ba ta da wanda za ta buɗe wa cikinta, da wadda ta rasa uwa tun tana ƙarama, da mai ƙananan yara uku ko fiye a gida, da wadda ba ta da aikin fita. Ba a kallon ƙwaƙwalwa a ga rashin aminiya. Sai an zauna da mutum an ji labarinsa.

Akwai ma masu tsananin ra'ayi a wannan ɓangare. Thomas Szasz, likitan hankali ne a Amurka, ya fitar da littafi a 1961 yana cewa abin da ake kira ciwon hankali ba ciwo ba ne, matsalolin zaman duniya ne aka sa musu rigar likita don a sami damar kulle mutane. Yana da abin nunawa. A 1851 wani likita a kudancin Amurka, Samuel Cartwright, ya rubuta cewa bayin da ke gudu daga iyayen gijinsu wata cutar hankali ce ke damunsu, har ya raɗa mata suna. Mutum ya gudu daga bauta, a ce shi ne marar lafiya! Wannan ya koya mana cewa wanda ke da iko yakan iya kiran abin da bai so da sunan cuta. Amma ni ban bi Szasz har ƙarshe ba, don na ga yayana a turke yana toshe kunnuwa yana kuka. Wanda ya ce wannan ba ciwo ba ne, bai gani ba ne.

To ina mafita? Ni misalin da ya warware mini ita, daga makarantar allo na samo shi. Duk mun riƙe allo. Rubutun da ke kansa, mene ne? Tawada ce, gawayi da ƙaro da ruwa. Babu harafi ko ɗaya da ba tawada ba. In ka wanke ta, rubutu ya tafi. Amma a ce almajiri ya tsallake kalma, ko ya sa ɗigo inda ba wurinsa ba. Kai allon wurin mai ilimin sinadarai, ya auna tawadar ciki da bai, zai ce maka lafiyarta lau. Kuskuren yana nan a kan allon, kuma da tawada aka yi shi, amma sai wanda ya iya karatu yake ganinsa, don shi ya san abin da ya kamata a rubuta.

Wata rana kuma akasin haka ne. Yaro ya iya rubutunsa sarai, amma tawadar ta yi ruwa, ko allon ya tsage, haruffa suka cakuɗe. In malam ya ɗauki bulala a nan, ya zalunci yaro. A sake dama tawada kawai. Ciwon tunjeren nan da ya hau kai, da masassara, da farfaɗiya, matsalar tawada ce. Matar da mijinta ya rasu ya bar ta da yara ba mai leƙo ta, har ta daina cin abinci, tata ta fi kusa da matsalar rubutu. Mafi yawan abin da ke kai mutane wurin likitan hankali kuwa, biyun ne a haɗe, kuma ba kullum ake iya raba su ba.

Wani likita Bajamushe da ya koma masanin falsafa, Karl Jaspers, ya faɗi kusan haka tun 1913. Ya ce hanya biyu ce ta sanin marar lafiya: akwai bayyana sababi, kamar a ce ƙwayar cuta ta lalata wuri kaza, akwai kuma fahimtar ma'ana, kamar a gane yadda wulaƙanci ya haifi tsoro. Likitan kirki yana bukatar duka biyun. A 1977 George Engel a Amurka ya sake tada maganar, ya ce a riƙa duba jiki da zuciya da zaman jama'a tare.

Sai dai misalin allo yana da iyaka, kuma ya kamata in faɗa. A kan allo, ma'anar rubutu ba ta canza tawada. A jikin ɗan Adam kuwa tana canzawa. A shekarar 2000 an ɗauki hoton ƙwaƙwalwar direbobin tasi na Landan, waɗanda sai sun haddace dubban tituna kafin a ba su izinin aiki, aka ga wani sashe mai kula da tuna wurare ya fi na sauran mutane girma, kuma wanda ya fi daɗewa a aikin ya fi. Ke nan abin da mutum ya rayu a ciki yana barin sawu a naman kansa. Saboda haka in an nuna muku hoto aka ce ga ƙwaƙwalwar mai damuwa ta bambanta, ku tambaya: bambancin ne ya kawo damuwar, ko damuwar ce ta kawo bambancin?

Ga wani misali da ya haɗa bakin abokina da na kawu. A kudancin Amurka, farkon ƙarni na 20, wata cuta mai suna felagira ta addabi talakawa: fata ta saɓule, zawo, daga baya hankali ya gushe. Daga 1914 wani likita, Joseph Goldberger, ya nuna cewa ba ɗaukarta ake yi ba, daga abinci ne, mutane ne da ba su da abin ci sai masara. A 1937 aka gano ainihin sinadarin da suka rasa. To mene ne sababin haukarsu, rashin sinadari ko talauci? Duka biyun gaskiya ne. Mai ba da ƙwayar bitamin ya yi daidai, mai cewa a gyara albashin manoma shi ma ya yi daidai, kuma in an bar na biyun, gobe wasu za su sake zuwa.

Akwai kuma tambayar da na'ura ba za ta taɓa amsawa ba: daga ina baƙin ciki yake zama ciwo? Littafin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya ya ce makokin da ya zarce misali ana iya fara kiransa ciwo bayan wata 6. Littafin likitocin hankali na Amurka, a gyaran 2022, ya ce sai bayan wata 12 ga babba. Ƙwaƙwalwa iri ɗaya, iyaka biyu. Mutane ne suka zauna suka ja layin, da tunanin abin da ya dace da wanda aka yi wa rashi. Wannan hukunci ne, kuma al'umma tana da baki a ciki.

Ƴan uwa, kada ku ɗauka wannan tunani na Turawa ne kaɗai. Abu Zaid al-Balkhi, ɗalibin al-Kindi, wanda ya rasu a 934 miladiyya, ya rubuta littafi kan gyaran jiki da rai tare. A ciki ya raba baƙin ciki gida biyu: wanda aka san dalilinsa, kamar rashin masoyi ko asarar dukiya, wannan da nasiha da gyaran tunani ake jinyarsa, da wanda ke faɗo wa mutum haka nan ba dalili, ya ce wannan daga jiki yake, yana son maganin jiki. Shekara fiye da dubu ke nan. Kuma a fiƙihu mun karanta cewa wanda hankalinsa ya gushe an ɗauke masa alƙalami, ba a kama shi da laifi. Wanda shari'a ba ta kama ba, don me mu za mu ɗaure shi? Annabi Yaƙubu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya yi baƙin cikin ɗansa har idanunsa suka yi fari, ba wanda ya isa ya ce imaninsa ne ya yi rauni. Maganar aljanu da sammu fagen malamai ne, ga su nan zaune, ba zan shige gabansu ba. Abin da na ji daga bakinsu dai shi ne an umurce mu da neman magani, kuma addu'a da zuwa likita ba kishiyoyi ba ne.

Bari in ƙarasa muku labarin yayana. A wata na bakwai wani dattijon unguwa ya tsawata, aka kwance shi aka kai shi asibiti. Cikin ƴan makonni da fara magani muryoyin suka yi sauƙi, ya yi barci. Abokina ya ce kun gani ko? Amma sai ya shekara guda zaune a zaure, lafiyayye a takarda, ba mai zama kusa da shi. Yara suna leƙe suna gudu. Wadda aka yi masa baiko da ita, iyayenta suka maido kaya. Kuɗin magani ya gagara, ya daina sha, ciwon ya dawo. Abin da ya tsayar da shi a karo na biyu abu biyu ne: dangi suka yi karo-karo don kada magani ya yanke, sannan wani tela a bakin kasuwa ya ce ya zo ya riƙa yi masa lissafi da guga. Ya sami inda za a tambaye shi in bai zo ba. Yau shekararsa 3 yana kan ƙafafunsa, yana shan maganinsa, kuma shi ke biyan kuɗin makarantar autarsu. Ku gaya mini, ƙwayar ce ta warkar da shi ko telan? Ni dai na ga abin da ya faru lokacin da aka rasa kowane ɗaya daga cikinsu.

Wani likita ɗan Najeriya, Thomas Adeoye Lambo, ya gane haka tun 1954. A Aro, kusa da Abeokuta, ya riƙa saukar da marasa lafiya a gidajen mutanen ƙauye tare da wani danginsu, suna karɓar maganin asibiti da rana suna kwana cikin jama'a. Abin da muke da shi a yalwace, wato dangi da maƙwabtaka, shi ya maida rabin magani.

Saboda haka ina roƙon ƙungiyarmu abu huɗu. Na ɗaya, in ɗan uwa ya daina barci, ya janye daga mutane, ko ya fara jin abin da ba a ji, a kai shi likita da wuri, kada a tsaya gardamar sababi kamar yadda muka yi. Ana iya ci gaba da addu'a a hanya. In ya ambaci kashe kansa, ko da wasa, kada a bar shi shi kaɗai, a sanar da manya a ranar. Na biyu, kada a ɗaure kowa, kada a doke shi da sunan magani. Na uku, mu cire kalmar mahaukaci daga bakinmu, mu daina ce wa mai damuwa imaninsa ne ya yi ƙasa. Na huɗu, wanda ya dawo daga jinya a ba shi wurin zama a fada, a ba shi aiki a cikin ƙungiya ko da shimfiɗa tabarmi ne, kuma asusun taimakonmu ya tuna da kuɗin maganinsa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Masana za su ci gaba da gardamarsu, kuma ta yiwu gobe a gano cewa wasu cututtukan da muke gani yau matsalar tawada ce zalla, kamar yadda aka gano ta tunjere. In an gano, mu yi murna. Kafin nan, wanda ke gabanmu yana bukatar mai duba jikinsa da mai sauraren labarinsa, kuma na biyun ba ya bukatar digiri.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya saka wa masu jinyarsu da alheri, ya ƙara wa wannan ƙungiya albarka.